Bangon Kicin Ya Tona Min Asiri

Ku matso kusa, masu bibiyata, yau ba ni da bakin kare kaina. Baiwar Allah da ta rubuto min cewa kullum a labarina ni ce mai gaskiya, ki gyara zama, yau ranarki ce.

Ga wanda yau ya fara shigowa: ni ce auta a gidanmu, saura wata biyar in gama makarantar koyon aikin jinya. Tun shekarar farko Baba ya kafa doka, babu maganar saurayi sai na ɗora masa takardar gamawa a hannu. Gwaggo, yayar Baba, ita dokar ba ta hau kanta ba. Duk zuwan da za ta yi sai ta nuna min hoton wani mai kantin taya, ya jingina da mota yana kallon sama kamar an ce masa kada ya yi numfashi. Ni kuwa zuciyata tana bayan katangarmu, wajen Dogo, ɗan Baba Tela maƙwabcinmu, malamin lissafi a sakandare. A wayata sunansa Anti Mai Kitso.

Lokacinmu ɗaya ne a rana. Dogo yana takawa zuwa makaranta da safe, tafiyar minti arba'in, a hanya yake kirana. Da sanyi ya shigo sai na ce ni zan riƙa dafa wa gida ruwan wanka. Mama ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke Auta? Ke da sai an yaye miki bargo?"

"Girma ne ya zo, Mama."

"Allah ya sa ya zauna."

Matsala ɗaya ce, tabarmar Baba. In ya dawo daga masallaci, a tsakar gida yake shimfiɗa ta, jikin bangon kicin, da rediyonsa da kofin shayinsa. Can ƙasan bangon akwai wani bulo mai huji-huji da aka sa don iska, daidai gwiwarsa. Ranar farko Dogo ya faɗi wani abu na ƙyalƙyale, sai ga muryar Baba ta shigo ta hujin kamar yana tsaye a kaina.

"Auta, ke da wa kike dariya?"

"Wani abu na tuna, Baba."

Washegari na ɗauki mataki. Na rufe taga, na tura ƙofa, na cusa ɗankwalina ruwan ɗorawa a cikin bulon nan har sai da ya toshe tsaf. Na kuma gano cewa in na cire murfin babbar tukunya, ruwan yana daɗewa bai tafasa ba, in ya tafasa kuma ƙararsa tana rufe muryata. In ya ƙone in ƙara wani. Kicin ya cika da tururi, ni ina kan ƴar kujera da rigar sanyi mai hula, waya a kunne, ina jin kaina mai dabarar duniya. Da Mama ta tambayi ɗankwalin na ce iska ta ɗauke shi a igiyar shanya.

Sati biyar muna haka. Ranar wata Talata Mama ta janye kwandon albasa za ta yi shara, sai na ji ta yi salati.

Tukunyar gas ɗinmu a waje take, cikin keji, a ɗan lungun da ke tsakaninmu da gidan Baba Tela. Bututun ƙarfe ne ya ratso bango ya shigo kicin, daidai tsayin ƙugu. To a kewayen bututun nan bango ya jiƙe, faɗin faranti. Fenti ya kumbura ya yi ƙuraje, baƙin fumfuna ya yi ɗigo-ɗigo, ga ruwa yana gangarowa siriri.

Sai ku san waye Baba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a gidan ruwa kafin ya yi ritaya. A wurinsa duk inda aka ga danshi a duniya, akwai wani bututu da ya fashe da wani mutum da ya yi sakaci. Ya zo da tabarau a karan hanci, ya ƙwanƙwasa bangon, ya shinshina, ya lakaci ɗigo ɗaya ya murza. Daga nan ya zagaya lungu. Taku uku daga bangonmu ga tankin ruwan Baba Tela a kan ƙafafun ƙarfe. Baba ya tsaya ya riƙe ƙugu yana gyaɗa kai.

"Na kama ɓarawon," in ji shi.

Mutanen nan biyu shekara ashirin da wani abu suna shan shayin yamma a benci ɗaya. Duk rigar da ke jikin Baba, Baba Tela ne ya ɗinka. Amma ranar ta katanga suka yi magana.

"Tankinka yana ci min bango!"

"Haba maƙwabci, zo ka taɓa ƙasansa, a bushe yake ƙamas."

"Ta ƙarƙashin ƙasa yake bi. Ni za ka koya wa ruwa? Kai da ba ka san komai ba sai zare da allura?"

Sannan Baba Tela ya ce, a hankali, "To, Allah ya ba da haƙuri." Wannan sanyin nasa ya ƙara tunzura Baba. Ya ce ko a ɗauke tankin ko kada ɗan gidan can ya sake taka ƙofarsa. Ya shiga shagon ɗinkin Baba Tela da kansa ya karɓo yadinsa da ake cikin ɗinkawa. Ya dawo da riga mai hannu ɗaya, ɗaya hannun a aljihu.

Kafin ya zauna saƙo ya shigo.

Anti Mai Kitso: "Me ya faru? Babana ya ƙi cin abinci."

Ni: "Bango ne ya jiƙe."

Anti Mai Kitso: "Bango ɗaya zai raba ni da ke? Na auna tazarar, na duba gangaren ƙasa. Ruwa ba ya hawa tudu."

Ni: "Zo ka faɗa wa Baba."

Anti Mai Kitso: "Ina son ki, amma ina son raina."

Labari ya kai wa Gwaggo kafin la'asar. Ta iso da mayafinta mai duwatsu, ta leƙa kicin ta taɓe baki.

"Maƙwabtaka ke nan. Shi yaron nan mai taya gidansa shi kaɗai ne a fili, ba tankin kowa a kusa." Ta dafa kafaɗata. "Asabar ta sama, bayan la'asar, zan kawo shi ya gaida ubanki. Gaisuwa ce kawai, ba ta karya doka ba."

Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba, hankalinsa yana kan guduma. Ya ce gobe zai fasa bangon ya nuna wa kowa hanyar ruwan. Nan Mama ta tsaya a ƙofar kicin ta ce wallahi ba mai ɗaga guduma kusa da bututun gas sai mai gas ya gani.

Mai gas ya zo da hantsi. Wani ɗan tsoho ne gajere, da jakar kayan aiki da ta kusa fin shi nauyi, ba ya gaggawar magana. Ya ce in kawo ruwan sabulu. Ya shafa kumfa a duk mahaɗar bututun, ciki da waje, ya tsuguna yana kallo.

"Kumfar ba ta tashi ba ko ta wuri ɗaya. Gas ba ya fita, alhamdu lillahi. Yanzu sai mu yi maganar ruwa."

"Ruwa na riga na gama maganarsa," in ji Baba.

Mai gas ya ce to. Ya zagaya lungu ya shafa bangon ta waje, ya dawo ya shafa gindinsa ta ciki.

"Ranka ya daɗe, waje a bushe, ƙasa a bushe, tsakiya ce kawai ta jiƙe."

"Ruwa yana da wayo."

"Yana da shi."

Bai ƙara musu ba. Ya goge wurin da tsumma har ya bushe, ya yanko leda mai kauri faɗin littafi, ya manna ta a bangon gefen bututun, ya bi gefunanta huɗu da salatif.

"Jibi zan dawo. In ruwa ya taru a bayan ledar, daga cikin bango yake fitowa, sai mu nemi tanki. In a fuskarta ya taru, daga iskar ɗakin nan yake. Sharaɗi ɗaya, kada a canza komai. Yadda aka saba yi kullum, a ci gaba da yi."

Jama'a, a nan na gane komai. Na tuna kofin ruwan sanyi yadda yake gumi a ɗaki mai zafi. Na dubi babbar tukunya, na dubi bututun, na dubi ƙasan bango inda bakin ɗankwalina yake leƙowa kaɗan a bayan bokiti. Ashe ni ce tankin.

Na shige ɗaki na rubuta wa Dogo komai. Ya daɗe yana rubutu yana gogewa.

Anti Mai Kitso: "Ki buɗe taga kwana biyun nan, ki rufe tukunya. Fuskar ledar za ta bushe. Bangon kuma ya riga ya sha ruwa, dole bayanta ya ɗan yi danshi. Babanki zai ce ya yi gaskiya, ni kuma in lallashi nawa mu matsar da tankin. Ba wanda zai sani."

Kun ga illar son malamin lissafi, har ƙarya sai ya fitar mata da amsa daidai. Kuma ba zan ɓoye muku ba, dabarar ta yi min daɗi. Washegari na shiga kicin na buɗe taga, na tsuguna na kama bakin ɗankwalin zan jawo.

Sai na ji tari daga lungu. Baba Tela ne, da sassafe cikin sanyin nan, yana zagaya tankinsa yana shafa ƙafafun ƙarfen ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ya ɗinka min kayan makarantata na farko, ya sa min aljihu a ɓoye don in riƙa ajiye alewa. An ce masa bai san komai ba sai zare da allura, ga shi har ya fara zargin kansa. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Na saki ɗankwalin. Na mayar da taga na rufe, na cire murfin tukunya. Da Dogo ya kira na ce masa, "An ce kada a canza komai. Yi min hira."

"Kin san abin da kike yi kuwa?"

"Na sani. Ka dai yi magana."

Ranar da mai gas ya dawo na sa doguwar rigata toka-toka, wadda nake sawa in za ni jarrabawa. Ya ce a kira Baba Tela, tunda da tankinsa ake shari'a. Baba Tela ya zo ya tsaya a bakin ƙofar gida, tef ɗin awo a wuya, ya ƙi shigowa. Gwaggo ma tana nan, ita ba a yin abu babu ita.

Fuskar ledar ta yi jaɓa-jaɓa da ruwa, har yana ɗiga. Mai gas ya ɓare salatif ya juya bayanta. Ɗan danshi ne kawai da bai kai a faɗa ba.

Baba ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Bangon nan ba yoyo yake ba, gumi yake," in ji mai gas. Ya zaro zare ɗaya daga tsummansa ya riƙe a bakin ramin da bututun ya shigo. Zaren ya kama rawa. "Kun gani? Ramin ya fi bututun faɗi, ba a toshe shi ba, iskar lungu tana shigowa. Ƙarfen ma da sanyinsa yake shigowa. Duk kicin ɗin nan ba inda ya kai nan sanyi, shi kuwa tururi wuri mai sanyi yake nema ya zauna ya koma ruwa. Wa ya huda ramin?"

"Ni," in ji Baba, murya ƙasa-ƙasa.

"Ya hudu da kyau, toshewa ce ta rage. Amma girkin gida kaɗai ba zai yi wannan ba. Tururin nan na mai wankin asibiti ne. Ina hujin iskar ɗakin?"

Ya janye bokiti ya tsuguna. Ya kama bakin ƙyalle ya ja, ya ja, ɗankwali yana fitowa kamar ba zai ƙare ba, ruwan ɗorawa, ya yi baƙi-baƙi da ƙura.

"Auta," in ji Mama, "iskar da ta ɗauke shi a igiya, nan ta kawo shi?"

Na so in yi dariya, amma na ga fuskar mai gas ta canza.

"Ƴata, wa ya toshe wannan?"

"Ni ce."

"Taga fa?"

"A rufe."

"Kanki yana ciwo da safe?"

Na gyaɗa kai. Sati uku ina shan magani ina cewa karatu ne.

"Wuta tana cin iskar da kike shaƙa, in ba ta samu isasshiya ba sai ta ba ki guba, ba wari ba hayaƙi. Shi kuma gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaye ƙasa yake kwanciya, wannan hujin ne hanyar fitarsa. Ba ado aka sa shi ba. Bangon nan da ya jiƙe, ku gode masa."

Ni mai karatun jinya, ni da na rubuta wannan a jarrabawa na ci. Baba ya juyo.

"Don me?"

"Waya nake yi, Baba. Ba na so ka ji."

"Da wa?"

Anti Mai Kitso tana kan harshena. Na haɗiye ta.

"Da Dogo."

Daga bakin ƙofar gida muka ji, "Wane Dogon? Nawa?"

Gwaggo ta zauna daɓas a kan buhun shinkafa.

Mai gas, Allah ya saka masa, ya yi kamar kurma ya kama aikinsa. Ya rufe gas daga tukunya, ya kwance bututun, ya zura guntun bututun roba mai faɗi a ramin ya mayar da na ƙarfen ta cikinsa. Ya cike gefe da wani farin ƙulli mai danƙo, ya ce ba a sa siminti a jikin ƙarfe kai tsaye, cin sa yake. Ya ɗaura komai, ya sake shafa kumfa, ya riƙe zare, zare ya tsaya cak. Ya ce a kankare fentin da ya kumbura, a wanke fumfunar da ruwan bilic, a bar bango sati biyu ya sha iska kafin sabon fenti. Taga a buɗe, tukunya da murfi, huji a bar shi huji.

Baba bai tsaya ganin ƙarshen aikin ba. Ya shiga ɗaki ya fito da riga mai hannu ɗaya a kafaɗa. Ta taga na hango shi a ƙofar gida, ya kama hannun Baba Tela da hannu biyu, kansa a sunkuye. Ban taɓa ganin Baba ya sunkuyar wa wani kai ba, kuma ni na jawo masa.

Kwana huɗu bai yi min magana ba. Ba faɗa, ba harara, in na gaishe shi ya amsa ya ci gaba da murɗa rediyo. Na gwammace duka. Dogo ma na ce kada ya kira. Rana ta huɗu ina tsugune ina kankare fenti da wuƙar kicin, sai na ga inuwarsa a ƙofa.

"Ba haka ake yi ba, kwantar da ita." Ya karɓa ya nuna min. Yana kankarewa bai dube ni ba ya ce, "Wayar ba ita ta dame ni ba, Auta. Ina zaune taku ɗaya da ke, bango ne kawai tsakaninmu, kina shaƙar abin da zai kashe ki don kada in ji muryarki. Sati biyar. Ni ina ta murna ƴata ta girma."

Na yi kuka har da majina. Ya miƙo min wuƙar ya ce in ƙarasa, gefen hagu bai fita ba.

Yau da safe na shiga kicin, taga a wangale, huji a buɗe har ina hango gefen tabarma ta ciki. Na ɗora ruwa. Sai waya ta kama kuka a kan kanta, Dogo ya kasa haƙuri. Na tsaya ina kallonta har ta yanke. Ta sake kamawa.

"Auta," in ji hujin iska.

"Na'am, Baba."

"Ɗauki wayar nan, ta hana ni jin labarai."

Na ɗauka. Dogo ya fara, "Na san kin ce kada in..."

"Ki faɗa wa mai kitson," in ji Baba, da ƙarfi yadda ba sai na faɗa ba, "maganar takarda tana nan daram, sai kin kawo ta. Amma gidan nan yana da ƙofa. In yana da magana, Asabar bayan la'asar. Kuma ki rufe tukunyar nan."

Ashe har sunan da na sa wa Dogo a waya ya gano. Na rufe tukunya. A waya ba na jin komai sai numfashin mutum da ya tsaya cak a tsakiyar titi. Can ya ce, "Wace riga zan sa?"

Sai da na kashe wayar na tuna. Asabar bayan la'asar, ai ita ce ranar da Gwaggo za ta kawo mai taya, kuma a gaban Baba ta faɗa. Na leƙa ta taga da sauri. Yana zaune yana kurɓar shayinsa, sanye da sabuwar riga mai hannu biyu, yana ta murmushi shi kaɗai, alhali rediyon a kashe take.